ZARE: Yadda Turawa suka tuɓe alkyabba, da abin da ke jiran babbar riga

1/ Duk fim ɗin tarihin Turawa da za ka kalla, da sarki da soja da ɓarawo da manomi, kowa na yafe da wata tufa mara hannu daga kafaɗa zuwa ƙwauri. Alkyabba dai, a bakinmu. Yau ka wuni a titin Landan, da wuya ka ga mutum ɗaya da ita. Ina ta tafi? Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Bari in faɗi ra'ayina tun farko don kar in ja ku da nisa. Ba wai kawai an daina yayinta ba ne. Ayyukan da take yi ne aka riƙa ƙwacewa ɗaya bayan ɗaya, har ta wayi gari ba ta da abin yi sai ado. Kuma hanyar da ta bi, ita babbar rigarmu ta kama yanzu. Zan zo nan a ƙarshe.

3/ Abin da nake nufi: yadi mai faɗi, galibi na ulu, ba hannu ba aljihu, a yafa a kafaɗa a ɗaure a wuya, wani lokaci da hula haɗe. Sunan da Ingilishi ke kiranta, cloak, asalinsa daga kalmar ƙararrawa ne, saboda yadda take buɗewa daga wuya zuwa ƙasa. Girkawa sun sa, Romawa sun sa, Turai ta sa shekaru aru-aru.

4/ Me ya sa ta daɗe haka? Tsadar yadi. Kafin injina, kowane zare da hannu aka kaɗa shi, kowane ƙyalle da hannu aka saƙa shi. Wanda ya san wahalar kaɗi ba ya sa almakashi a yadi da wasa. In ka yanka hannun riga da wuya da kafaɗa, sai ƙyallaye sun zube a ƙasa. Ita kuwa alkyabba kusan yadda yadi ya fito daga masaƙa haka ake yafa shi.

5/ Ga shi ba ruwanta da awo. Ka yi ƙiba, ka rame, tana nan daidai da kai. Uba ya mutu ɗa ya gada. In talauci ya matsa a kai ta jingina. Dukiya ce da mutum ke yawo da ita a kafaɗa.

6/ Da dare kuma ita ce bargo. Sojan Rum da alkyabbarsa yake tafiya da rana, a cikinta yake kwana. A cikin Attaura ma akwai hukuncin cewa wanda ya karɓi mayafin talaka jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, don da shi zai lulluɓa ya yi barci. Ka ga ke nan ba kayan gayu ba ne.

7/ Sai ruwan sama. Ulun da aka saƙa da kauri yana da maiƙonsa, ruwa na zamewa a kansa, ko ya jiƙe ma yana riƙe ɗumi. In kana kan doki, alkyabba ta rufe ka, ta rufe cinyoyinka, ta rufe jakar guzuri, har da ƙugun dokin. Ba wata riga mai hannu da za ta yi maka wannan.

8/ Akwai labarin da Kiristocin Turai suka sani sosai: wani soja mai suna Martin, a ƙarni na 4, ya ga almajiri na rawar sanyi a ƙofar garin Amiens ta Faransa, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Ku lura: rabin alkyabba mayafi ne cikakke. Rabin kwat kuwa tsumma ne.

9/ To mu lissafa ayyukanta: rigar sanyi, rigar ruwa, bargo, rufin kayan matafiyi, ajiyar dukiya. Biyar ke nan. Amma tana da aibi guda babba tun ranar farko: hannu. Kana so ka ji ɗumi, hannuwanka na ciki ba su aiki. Kana so ka yi aiki, ka buɗe gaba iska ta shiga. Dole ka zaɓi ɗaya.

10/ Abin da ya fara yi mata illa ɗan ƙaramin abu ne: maɓalli da ƙofarsa. A ƙarni na 13 ya bayyana a Turai, a ƙarni na 14 teloli suka ƙware wajen ɗinka tufa mai bin jiki, da hannu daban da ake haɗawa a kafaɗa. Sai dai ɗinkin hannu na cin lokaci, don haka masu kuɗi ne suka fara morewa.

11/ A watan Oktoba na 1666 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya sanar da sabon salon shigar fada: doguwar kwat mai hannu, da 'yar ciki mai maɓallai, da wando. Wannan shi ne kakan kwat ɗin da ma'aikatan banki ke sawa yau. Daga nan alkyabba ta koma abin ɗorawa a sama in za a fita, kwat ta zama asalin shiga.

12/ A ƙarni na 18 aka samu babbar kwat ta sanyi mai kauri, wadda ake ɗorawa a kan kwat ɗin ciki. Masu tuƙa keken doki suka rungume ta, don hannu biyu na kan linzami. Abin dariya, an riƙa ɗinka mata 'yar guntuwar alkyabba a kafaɗa don ruwa ya zame. Uwar gida ta koma 'yar rakiya.

13/ Yanzu ga labarin da na fi so a duk wannan tarihin. Madrid, Maris 1766. Ministan Sarki Carlos na Uku na Sifaniya, wani ɗan Italiya da ake kira Esquilache, ya kafa doka: an hana doguwar alkyabba da malafa mai faɗi a birni. Hujjarsa: miyagu na ɓoye makami a ciki, malafar kuma na rufe fuska.

14/ Ba a tsaya a takarda ba. Jami'ai suka fito titi tare da teloli, a tare mutum a datse masa alkyabba a nan take, a naɗe bakin malafar a ɗinke. Ku tuna a lokacin burodi ya yi tsada, mutane a wuya suke. Ranar 23 ga Maris gari ya kama da wuta. Aka fasa gidan ministan.

15/ Ƙarshenta sarki ya janye dokar, ya sallami Esquilache, aka sa shi a jirgin ruwa ya koma Italiya, shi kansa sarkin ya fice daga Madrid zuwa Aranjuez har ƙura ta lafa. Gwamnati guda ta durƙusa a kan tsawon mayafi, jama'a.

16/ Wanda aka ba ragamar bayan haka, Aranda, ya fi wayo. Labarin da ya shahara shi ne, maimakon ya hana, sai ya mai da doguwar alkyabba da malafar nan kayan aikin hauni. Wa zai so a gan shi a kasuwa da shigar mai kashe mutane? A hankali mutanen birni suka ajiye da kansu.

17/ Darasi biyu a nan. Na ɗaya, doka ba ta tuɓe wa mutane tufar da suke ganin tasu ce. Na biyu, ko dabarar Aranda birni kawai ta taɓa. A ƙauyukan Sifaniya da arewacin Italiya makiyaya da manoma sun ci gaba da yafa abarsu har cikin ƙarni na 20, don a wurinsu tana nan tana aiki.

18/ Wanda ya yi mata kisan gaske inji ne. Wajen 1764 James Hargreaves ya ƙera injin kaɗi mai zare da yawa a lokaci guda. A 1785 Edmund Cartwright ya yi rajistar masaƙa mai aiki da inji. Yadi ya fara araha. Tsoron sa almakashi ya ragu. Bargo ma ya zama abin da talaka zai saya daban ya bar shi a gado.

19/ Sai keken ɗinki. A 1830 wani tela Bafaranshe, Thimonnier, ya fito da nasa, yana ɗinka kayan soja. Teloli 'yan uwansa suka far wa shagon suka farfasa kekunan, don sun hango abin da ke tafe. Bai hana komai ba: Elias Howe 1846, Singer 1851, daga nan sai kayan kanti ɗinkakku.

20/ Ku duba yadda lissafin ya juye. Alkyabba: yadi da yawa, ɗinki kaɗan. Kwat: yadi daidai jiki, ɗinki da yawa. Muddin ɗinki ne mai tsada, alkyabba ce ta talaka. Ranar da ɗinki ya yi araha, kwat ta zama ta talaka, alkyabba ta koma ɓarnar yadi da mai hali kaɗai zai iya.

21/ Kuma talakan nan yanzu ina yake aiki? A masana'anta, cikin ƙafafun inji da bel masu juyawa ba tsayawa. Duk abin da ke reto a jikinka na iya jan ka ciki. A tashar jiragen ruwa yana dako, a ramin kwal yana haƙa. Duk aikin hannu biyu ne. Mai yafe da mayafi ba shi da wuri a nan.

22/ Aikin tare ruwa ma aka ƙwace. Jonas Hanway ya riƙa yawo da laima a Landan tun wajen shekarun 1750 ana yi masa dariya, daga baya kowa ya bi. A 1823 Charles Macintosh na Glasgow ya yi rajistar yadi mai roba a tsakiya. A 1879 Thomas Burberry ya fito da yadin gabadin, mara nauyi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi.

23/ Sai abin hawa. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Libaful da Mancesta. A 1908 Ford ya fito da Model T. A kan doki alkyabba ni'ima ce. A cikin tarago ko mota kuwa, ka zauna a kanta ta shaƙe maka wuya, ƙofa ta datse ta, na kusa da kai ya take ta. Kuma rufin motar ya riga ya tare ruwan.

24/ Haɗarin ma ba wasa ba ne. A 1927 a birnin Nice na Faransa, fitacciyar mai rawa Isadora Duncan ta rasu saboda dogon gyalen da ke wuyanta ya naɗe a ƙafar motar da take ciki. Duk wanda ya taɓa ganin mayafi ya shiga tayar babur a garinmu ya san abin da nake faɗa.

25/ Kar mu manta aljihu. Mutumin birni na zamani yana ɗauke da tikiti, makulli, agogo, kuɗi, takarda. Kwat na da wurin kowanne. Kuma ɗaukar takobi, wanda alkyabba ke rufewa ta kuma bar hannu ya zaro shi da sauri, ya riga ya fita daga shigar farar hula tun ƙarshen ƙarni na 18.

26/ Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, ya rufe babin ga maza. Miliyoyin samari sun yi shekaru a ramuka cikin caɓi da waya mai ƙaya, sanye da kwat mai hannu da ɗamara. Suka dawo gida jikinsu ya saba da ita, kasuwa kuma ta cika da ragowar kayan soja masu araha.

27/ Ga hujjar da ta fi gamsar da ni. Matan Turai sun riƙe alkyabba fiye da maza da shekaru masu yawa. Dalili? Daga 1856 suna sa siket mai kejin ƙarfe a ciki, faɗinsa kamar rumbu. A shekarun 1890 kuma hannun rigunansu ya kumbura kamar ganga. Ba kwat ɗin da za ta hau kan wannan. Sai mayafi.

28/ Da rigunan mata suka miƙe suka bi jiki a shekarun 1920, mata suka shiga ofis da kanti da tuƙin mota, su ma sai suka koma kwat. Wato duk inda alkyabba ke magance wata matsala ta zauna, ranar da matsalar ta kau ita ma ta kau. In yayi ne kawai, me ya sa tafiyarta ta bi wannan tsarin daki-daki?

29/ Amma fa ba ta mutu ba. Sama ta hau. Tana kafaɗar sarkin Ingila ranar naɗinsa a Mayun 2023, tana kafaɗar manyan malaman coci, tana jikin jandarmomin Italiya ranar fareti. Rigar da mu ɗalibai muke haya ta kwana ɗaya don hoton yaye ma jikanyarta ce, daga shigar jami'o'in Turai na da.

30/ Wannan ƙa'ida ce: tufar da ta hana ka aiki, alama ce ta cewa kai ba sai ka yi aikin ƙarfi ba. Shi ya sa take dacewa da sarki. Fim kuma ya ƙarasa ta: Dracula na 1931, da Superman. Da zarar tufa ta zama kayan wasan kwaikwayo, mai zuwa kasuwa ba zai sa ba, kunya zai ji.

31/ Wani zai ce "ai yayi juyawa yake, za ta dawo". Masu tsara tufafi na dawo da ita a dandalin nuna kaya lokaci bayan lokaci, a yi hoto a tafa, sanyi ya wuce a manta. A Madrid akwai shagon Seseña tun 1901, har yau alkyabba yake sayarwa. Shago na nan, amma titi ya tafi. Jakar goyo kaɗai ta isa ta hana ta dawowa.

32/ Ku leƙa Maroko ku ga gwajin da ya fi kusa da mu. Suna da tufa biyu masu hula haɗe: jallaba mai hannu, da alkyabba mara hannu. Jallaba na nan a kasuwa da masallaci da kan babur kullum. Alkyabbar kuwa ta fi yawa a biki da fada da wajen dattawan karkara. Ƙasa ɗaya, addini ɗaya, bambancin hannun riga ne.

33/ Yafa wa mutum mayafi don girmamawa tsohon abu ne. Manzon Allah (SAW) ya yafa wa Ka'abu bin Zuhair mayafinsa. A Disambar 2022 duniya ta ga Sarkin Katar ya yafa wa Messi bishti kafin ya ɗaga kofi. Wannan aikin na girma shi ne kaɗai inji bai iya ƙwacewa ba.

34/ Mu dawo gida. Alkyabbar da muka sani ta ratso Sahara ne daga Arewacin Afirka tare da fatake, kuma tun zuwanta a sama ta sauka. Da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, alkyabba na cikin kyautar da ya kai fada. Har yau wurinta ke nan: naɗi, hawan sallah, liman ranar idi, amarya.

35/ Tamu ta talaka da ta yi irin wancan aikin ita ce gwado. Saƙar hannu, da rana a kafaɗa, da dare a lulluɓa, da hunturu a zauna gindin wuta da shi. Yaushe rabonka da ka ga saurayi ya yafa gwado ya fita? Jaket da suwaitar gwanjo sun karɓi rana, bargon kanti ya karɓi dare. Ba wanda ya kafa doka. Haka kawai masaƙa suka yi shiru.

36/ To in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dubi babbar riga. Minti biyar ba ka ɗaga hannunta ka aza a kafaɗa ba, ta zamo. Ka hau acaba sai ka tattare ta a cinya. A keke napep mutum uku a baya, rabinta na ƙarƙashin wani. Jakar kwamfuta ba ta goyuwa a kanta.

37/ Yadinta kusan ninki biyu na kaftani, a wannan tsadar shaddar. Ga kuɗin aiki, ga wanki, ga guga ko bugu. Sakamakon muna ganinsa: ta koma Juma'a, sallah, ɗaurin aure, da taron siyasa. Cikinmu nawa ne ke da fiye da ɗaya? Da yawa ma ta angwanci ce ta farko, wani lokacin ita ce ta ƙarshe.

38/ Iyayenmu kan ce samarin yanzu sun raina al'ada, sun bi Turawa. Da girmamawa, Baba, ban yarda ba. Mafi yawanmu da muka ajiye babbar riga ba kwat muka ɗauka ba. Kaftani muka sa, da jallabiya, da hula. Abin da muka gudu shi ne tufar da ba ta shiga rayuwar da muka samu kanmu a ciki: lakca, layin banki, cunkoson mota.

39/ Ku dubi 'yan uwanmu mata. Dogon hijabi, in ka lura da yankansa, ƙararrawar nan ce sak: daga kai ya buɗe zuwa ƙasa. Amma kullum yana titi, don aikinsa na sutura ba wanda ya ƙwace. Da matsalar hannu ta taso kuma, teloli suka fito da hijabi mai hannu. Mai awo, mai jinya, mai rubutu a aji, kowa ta samu.

40/ Me ya dame ni in babbar riga ta koma ta biki kawai? Mutanen da ke bayanta. Mai ɗinkin hannu a Zariya ko Bida da ke ɗaukar makonni a kan aska takwas. Mai rini a Ƙofar Mata. Masu bugu. In masu saye suka ragu zuwa sarakuna da 'yan siyasa, yaro ba zai zauna ya koya ba. Sana'a kuwa in tsara ɗaya ta tsallake ta, ta tafi.

41/ Mafita ba ta cikin faɗa da samari, ba ta kuma cikin takardar umarni cewa kowa ya sa ranar kaza. Esquilache ya gwada tilas ta ɓangaren hanawa, mun ga yadda ya ƙare. Tilas ta ɓangaren sawa ma abin da za ta haifar shi ne kayan fareti: a sa don mai duba, a tuɓe a mota.

42/ Maganar tana hannun teloli da mu masu kai ɗinki. A rage faɗin da ke zuba a hannu. A yi ta da yadi mara nauyi da zai jure zafin Afrilu da wankin gida. A sa aljihun ciki mai zif da waya ba za ta zame ba. A sauko da aska biyu da aska takwas kan kaftanin yau da kullum, don mai allura ya samu aiki duk wata.

43/ Na san wani zai ce in an rage ta ai ba babbar riga ba ce kuma. To ita ta asali a bar ta yadda take don ranar girma, ba mai taɓa ta. Amma a haifa mata ƙanwa mai zuwa aiki. Turawa ba su yi wa alkyabbarsu haka da wuri ba, yau sai a gidan tarihi da fim ɗin tsoro suke ganinta.

44/ Teloli da ke nan, ku faɗa mana: cikin ɗinkin da kuka karɓa daga babbar sallah zuwa yau, babbar riga nawa ce, kuma ta wane buki? Ku kuma samari, yaushe rabon da ku sa taku ba don biki ko idi ba? Ina jiran amsa a ƙasa.